JIYYAR MAI CIWON ZUCIYA BAYAN AN SALLAME SHI DAGA ASIBITI

Yabo da godiya na Allah ne, Wanda Ya halicci ɗan Adam, Ya sanya masa tsoka a ƙirji tana aiki dare da rana ba tare da ya umarce ta ba. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah (SAW) da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan uwa Musulmi, mas'alar da za mu tattauna a kanta yau ita ce halin da ɗan uwanmu yake shiga idan Allah Ya jarrabe shi da bugun zuciya, ko aka yi masa aikin zuciya, sannan Allah Ya ƙaddara yana da sauran kwana aka sallamo shi ya dawo gida. Wannan ba baƙon abu ba ne a cikinmu yanzu. Da wuya a sami unguwar da babu wanda ya kwanta a asibitin koyarwa saboda zuciya, ko wanda aka haɗa masa kuɗi ya tafi Masar ko Indiya ko Sudan aka yi masa tiyata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 17.9 ne suka mutu da cututtukan zuciya da jijiyoyin jini, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na waɗannan mamata a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi suke. Saboda haka batun cewa wannan ciwon Turawa ne ko ciwon masu kuɗi ne, ya kamata a bar shi.

Abin da muka saba gani idan mara lafiyan ya iso gida iri biyu ne. Akwai gidan da za a yi masa shimfiɗa a ɗaki, a hana shi ko da ɗaukar buta, a riƙa yanka masa kaji ana zuba man shanu, masu dubiya suna shiga suna fita tun hantsi har bayan isha'i, kuma da zarar ya miƙe sai a ce Alhaji koma ka kwanta. Akwai kuma wanda da ya ji ciwon ya lafa sai ya watsar da magani, ya koma kasuwa da sigarinsa kamar babu abin da ya faru, idan an yi masa magana ya ce ai ya dogara ga Allah. Na farkon ƙauna ce ta jawo shi, na biyun kuwa jahilci ne aka sanya wa rigar tawakkali, amma sakamakonsu yakan zo ɗaya, wato komawa asibiti. Abin da nake son mu fahimta shi ne, ranar sallama rana ce ta fara wani sabon magani, kuma babban rukunin wannan magani shi ne motsa jiki a bisa ƙa'ida.

Bari mu fara da sanin ita kanta zuciyar. Tsoka ce wadda girmanta bai wuce dunƙulen hannun mai ita ba, tana bugawa kimanin sau 100,000 a kowace rana. Duk da cewa cike take da jini, ba daga jinin da yake cikinta take samun abincinta ba, tana da nata jijiyoyi da suka kewaye ta ta waje suna shayar da ita. Daga cikin waɗanda suka fara faɗin haka akwai likitan nan Musulmi, Ibnun Nafis, wanda ya yi karatu a Dimashƙa ya yi aiki a Alƙahira, ya rasu a shekarar 1288 Miladiyya. Ya bayyana haka ne a sharhin da ya yi wa sashen sanin gaɓoɓi na littafin Alƙanun na Ibnu Sina, kuma shi kansa malamin fiƙihu ne a mazhabar Shafi'i. Na kawo wannan ne domin ɗalibanmu su san cewa malaman da ba su ɗauki sanin jiki a matsayin ilmin wasu ba.

Waɗannan jijiyoyi su ne kitse yake taruwa a bangonsu sannu a hankali, shekara da shekaru, musamman ga mai hawan jini, da mai ciwon sukari, da mashayin taba. Wata rana sai wannan tarin kitse ya tsage, jini ya daskare a wurin, hanya ta toshe. Ɓangaren tsokar da wannan jijiya take shayarwa sai ya fara mutuwa, kuma wannan shi ne abin da muke kira bugun zuciya. Inda ya mutu ba ya sake rayuwa, tabo ne yake maye gurbinsa, kuma tabon yakan ɗauki kimanin mako shida zuwa takwas kafin ya yi ƙwari. Likita yana iya zura siririn tiyo ta jijiyar hannu ko ta cinya ya buɗe inda ya toshe ya bar ɗan bututun ƙarfe mai kama da raga a wurin. Yana iya kuma buɗe ƙirji ya ɗauko wata jijiya daga ƙafa ko daga cikin ƙirjin ya yi wa jini sabuwar hanya ta kewaye toshewar. Amma ku lura, ya 'yan uwa, duk waɗannan ayyuka wuri ɗaya ko biyu ko uku suke gyarawa. Cutar da ta tara kitsen tana nan a sauran jijiyoyi, wuƙar likita ba ta cire ta ba.

To, daga ina al'adar kwantar da mai ciwon zuciya ta samo asali? Abin mamaki, daga likitoci ne. A shekarun 1930 da 1940 a Turai da Amurka, wanda ya sami bugun zuciya mako shida cur yake yi a kwance, ba a barinsa ya ci abinci da hannunsa, ba a barinsa ya je bayan gida, saboda tsoron kada tabon ya fashe. Da yawansu sai jini ya daskare musu a ƙafa ya tafi huhu ya kashe su, wasu ciwon huhu ya kama su, waɗanda suka tsira kuma su tashi ba ƙarfi ba kuzari, ba su sake komawa aiki ba. A shekarar 1952 wasu likitoci biyu a birnin Boston, Samuel Levine da Bernard Lown, suka wallafa sakamakon wani abu da a lokacin aka ɗauka ganganci ne: suna ɗaga majiyyaci daga gado tun kwanakin farko su zaunar da shi a kujera. Sai aka ga waɗanda aka zaunar ba su cutu ba, hasali ma sun fi samun sauƙi da kwanciyar hankali. A 1955 shugaban Amurka Eisenhower ya sami bugun zuciya yana kan mulki. Likitan da aka kira masa, Paul Dudley White, mutum ne da ya shahara da kira zuwa ga tafiyar ƙasa da hawan keke, bai yarda a mayar da shi naƙasasshe ba. Shugaban ya koma ofis, ya sake tsayawa zaɓe a 1956 ya ci.

Amma binciken da ya fi jan hankalina shi ne wanda aka yi a garin Dalas a shekarar 1966. An ɗauki samari biyar lafiyayyu, 'yan shekara 20, aka kwantar da su a gado mako uku ba tare da suna da ciwon komai ba. Da suka tashi aka auna, sai aka tarar ƙarfin zuciyarsu da huhunsu na ɗaukar aiki ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Bayan shekara 30, a 1996, aka sake tara mutanen nan biyar suna 'yan shekara 50 aka auna su, sai ya bayyana cewa kwanciyar mako ukun nan ta fi yi wa ƙarfinsu illa a kan tsufan shekara 30. Subhanallahi! Idan wannan shi ne abin da gado yake yi wa saurayi lafiyayye, yaya zai yi wa dattijo mai shekara 60 wanda zuciyarsa take da tabo? A ɗaya ɓangaren kuma, a 1973 wani likita a Toronto ta ƙasar Kanada, Terence Kavanagh, ya kai majiyyatansa takwas waɗanda duk sun taɓa samun bugun zuciya gasar tseren dogon zango ta Boston, mai nisan kilomita 42, bayan ya horar da su na tsawon lokaci, kuma bakwai daga cikinsu suka kammala. Ba ina cewa Malam ya je ya shiga tsere ba ne. Ina nuna muku ne cewa zuciya mai tabo ba gawa ba ce, tana karɓar horo.

Daga waɗannan bincike ne aka gina abin da a yau ake kira shirin farfaɗo da mai ciwon zuciya. Yana farawa tun a gadon asibiti, inda ake zaunar da majiyyaci a rana ta farko ko ta biyu, sannan a taka da shi a baranda. Bayan sallama sai ya riƙa zuwa wata cibiya sau biyu ko uku a mako, a Amurka yawanci zama 36 ne cikin mako 12, yana tafiya a kan na'ura ko yana tuƙa keken da ba ya gusawa, ana lura da bugun zuciyarsa da awon jininsa, ana koya masa abin da zai ci da yadda zai sha magani, ana taimaka masa ya bar taba. A 2016 masu bincike na cibiyar Cochrane sun haɗa sakamakon gwaji 63 da aka yi a kan mutum fiye da 14,000, suka ga waɗanda suka bi wannan shiri mutuwa ta dalilin zuciya ta ragu a cikinsu da kimanin kashi 26 cikin 100, komawa gadon asibiti kuma ya ragu da kimanin kashi 18. Da a ce ƙwaya ce take yin wannan aiki, da mutane sun sayar da gona sun saye ta.

Na san wani zai ce, Malam, ina muka ga irin wannan cibiya? Gaskiya ne, irin waɗannan cibiyoyi kaɗan ne ƙwarai a ƙasashenmu, duk da cewa tun 1974 aka yi aikin buɗe zuciya na farko a Nijeriya a asibitin koyarwa na Inugu, kuma tun 1993 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto na musamman a kan yadda ƙasashe masu tasowa za su gudanar da wannan shiri da kayan aiki masu sauƙi. Mun iya tara kuɗin tiyata, amma abin da zai kare amfanin tiyatar mun yi sakaci da shi. Sai dai akwai albishir: an gwada an ga cewa ga wanda ciwonsa bai yi tsanani ba, yin shirin a gida bisa tsarin da likita ya rubuta yana kusa da yin sa a cibiya wajen amfani. Saboda haka haƙƙi ne a kan majiyyaci ko ɗansa, kafin su baro asibiti, su tambayi likita dalla-dalla: tafiyar minti nawa zai fara da ita, yaushe zai ƙara, yaushe zai hau bene, yaushe zai koma aiki, kuma a rubuta musu. Kunya a gaban likita ba ta cikin kunyar da addini ya yaba.

Galibi akan fara da tafiyar minti biyar zuwa goma a shimfiɗaɗɗen wuri, sau biyu a rana, a riƙa ƙara 'yan mintuna kowane mako har a kai rabin awa a mafi yawan kwanakin mako, wato kimanin minti 150 a mako. Ma'aunin da kowa zai iya riƙewa ba tare da na'ura ba shi ne magana: idan kana tafiya numfashinka ya ɗan ƙaru amma kana iya hira da wanda kuke tare, to kana kan daidai, idan ba ka iya haɗa jimla sai ka tsaya ka ja numfashi, ka wuce iyaka, sai ka rage. A fara a hankali, a ƙare a hankali. Kada a fita da cikakken ciki, kada a fita a tsakiyar rana lokacin bazara, haka nan a guji tsananin sanyin asuba a lokacin hunturu sai an rufe jiki sosai, domin sanyi yana matse jijiyoyi. Kuma mu Allah Ya yi mana baiwar da wasu ba su da ita, muna da dalilin fita sau biyar a rana. Wanda masallacinsa yake kusa, tafiya zuwa jam'i tana iya zama matakinsa na farko, daga nan ya riƙa bin hanya mai ɗan nisa idan zai dawo. Sai dai idan ya ji nauyi ko matsi a ƙirji, ko ciwo yana sauka hannu ko muƙamuƙi, ko jiri, ko zufa mai sanyi, ko bugun zuciya ya rikice, to ya tsaya nan take ya zauna, ko da an tayar da iƙama.

Wanda aka buɗe wa ƙirji yana da ƙarin hukunci. An raba ƙashin tsakiyar ƙirjinsa biyu an ɗaure shi da waya, kuma ƙashin yana bukatar mako shida zuwa takwas, wani har 12, kafin ya haɗe. A wannan lokaci ba zai ɗauki abin da ya wuce kilo biyar ba, wato ko bokitin ruwa cikakke ya fi ƙarfinsa, ba zai ja guga ba, ba zai tura babur ba, ba zai tuƙa mota ba sai bayan mako huɗu zuwa shida da izinin likita. Idan zai yi tari ya rungume matashi a ƙirji. A nan ne mas'alar salla take shigowa, domin mai tashi daga sujada da hannuwansa yake dogarawa, nauyin kuma a kan wannan ƙashi yake sauka. Shari'a ba ta bar shi cikin ƙunci ba. Hadisin Imrana ɗan Husaini (RA) wanda Buhari ya ruwaito shi ne asali a wannan babi, inda aka ba mara lafiya damar yin salla a zaune idan tsayuwa ta gagara, ko a kishingiɗe idan zama ya gagara. Fuƙaha'u kuma sun haɗa da wanda yake iyawa amma yana tsoron ƙaruwar ciwo ko jinkirin warkewa. To sai ya tsaya inda zai iya tsayawa, ya zauna a kujera ya yi nuni a wurin sujada, har ƙashin ya haɗe. Amma in ƙashi ya haɗe likita ya ba da izini, sai a ajiye kujera. Ana samun waɗanda shekara ta zagayo suna kan kujera ba don ciwo ba sai don tsoro, alhali rangwame yana tafiya ne tare da dalilinsa, idan dalilin ya gushe hukuncin asali ya dawo.

Sai magani. Mai bugun zuciya yakan fito da ƙwayoyi huɗu ko biyar: asfirin da wata ƙwaya 'yar uwarta masu hana jini daskarewa, da mai rage kitsen jini, da masu sassauta bugun zuciya da saukar da hawan jini. Mafi yawansu na har abada ne, kuma ba sa sa mutum ya ji wani daɗi a jikinsa, shi ya sa shaiɗan yake samun ƙofa ya ce masa ai ka warke. Wanda aka sa wa bututun nan mai kama da raga, yawanci shekara guda ake son ya haɗa ƙwayoyin hana daskarewa guda biyu, kuma idan ya yanke su da kansa a watannin farko jini yana iya daskarewa a cikin bututun ya toshe shi farat ɗaya. Haka 'yan uwanmu, galibi matasa da mata, waɗanda zazzaɓin ciwon maƙogwaro na ƙuruciya ya lalata musu marfin zuciya aka sa musu na ƙarfe, irin aikin da Cibiyar Salam ta birnin Hartum ta fara yi kyauta a 2007. Su wafarin za su sha muddin rai, tare da awon jini a kai a kai, domin idan ya yi kaɗan marfin ya toshe, idan ya yi yawa jini ya ɓalle. Irin wannan mutum ne za ka ga an kawo masa jiƙo a galan daga ƙauye an ce yana wanke zuciya. Ba mu hana addu'a ba, ba mu hana ruƙya ta shari'a ba, amma tsimin da ba a san abin da yake cikinsa ba yana iya rikita aikin wafarin. Haka nan magungunan ciwon jiki da ake saye a kemis ba da takarda ba, irin su daikilofenak da aibufurofen, suna da haɗari ga mai ciwon zuciya. Ya tambayi likita, galibi farasitamol ake ba shi. Malamai sun yi bayani tun da daɗewa cewa riƙo da sababi ba ya warware tawakkali, kuma Manzon Allah (SAW), shugaban masu tawakkali, ya yi magani ya kuma yi umarni da a yi.

Taba kuwa ba sai na tsawaita ba, matsayin malamanmu a kanta sananne ne. Abin da zan ƙara shi ne, wani nazari da aka wallafa a 2003 ya nuna cewa mai ciwon jijiyoyin zuciya da ya bar taba haɗarin mutuwarsa yana raguwa da kimanin kashi 36 cikin 100 idan aka kwatanta da wanda ya ci gaba. Shisha ma taba ce, duk ƙamshin da aka sa mata.

A wajen abinci, abokin gaba na farko a tukunyarmu shi ne gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram biyar a rana, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi, kuma wannan ya haɗa da wanda yake ɓoye a cikin dunƙulen magi, da yajin tsire, da kilishi, da burodi, da taliyar leda. Uwargida tana iya cewa ban sa gishiri ba alhali ta jefa dunƙule huɗu. Kanwa ma 'yar gidansu ce. A shekarun 1970 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Davidson da Parry, sun yi rubutu a kan yawan gazawar zuciya ga mata masu jego a yankin, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa da wankan ruwan zafi da kwanciya a gadon wuta. Don haka macen da zuciyarta ta taɓu bayan haihuwa, kada a tilasta mata al'adar jego, kuma kada ta sake ɗaukar ciki sai da shawarar likita. Mijin da ya yi watsi da wannan yana wasa ne da ran matarsa. Ba a ce mara lafiya ya zauna da yunwa ba. Wake, da ganye irin su zogale da alayyafo da rama, da kifi, da gero da dawa waɗanda ba a cire musu dusa duka ba, da 'ya'yan itace, duk abincinmu ne kuma su ake so. Abin da za a rage shi ne kitse, da man shanu, da soye-soye, da lemon kwalba, da shayin da sukari ya yi wa rabin kofi. Kuma ya fi sauƙi duk gidan a canza girki a kan a ware masa tukunya shi kaɗai kamar wanda aka yi wa horo.

Tambayar da aka fi yi mana ita ce ta azumi. Wasu likitocin zuciya a Ingila sun fitar da jagora a 2021 inda suka sanya wanda bai kai mako shida da samun bugun zuciya ba, da wanda gazawar zuciyarsa ta yi tsanani, cikin waɗanda ake ba shawarar kada su yi azumi. Wanda ciwonsa ya daidaita kuwa yawanci yana iya yi, bayan likita ya gyara masa lokutan shan magani tun kafin watan ya kama. Wannan bai saɓa wa fiƙihu ba. A mazhabar Malikiyya, mara lafiyan da yake tsoron halaka ko cuta mai tsanani, ajiye azumin wajibi ne a kansa, ba zaɓi ba ne. Idan ya sami sauƙi ya rama, yana iya jiran gajerun ranakun sanyi. Idan ciwon ba a sa ran rabuwa da shi, sai ya ciyar da miskini a madadin kowace rana, wanda jamhurin malamai suke ganin wajibi ne, Malikiyya kuma suke ganin mustahabbi. Game da ƙwayar da ake sawa ƙarƙashin harshe idan ƙirji ya riƙe, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙasa da ƙasa a zamanta na goma a Jidda a 1997 ta yanke cewa ba ta karya azumi matuƙar an kiyaye haɗiye abin da ya narke. Saboda haka babu dalilin da zai sa mutum ya danne ciwon ƙirji yana jiran kiran magariba. Hajji da Umra ma haka ne: sa'ayi kaɗai ya kai kusan kilomita uku, ban da ɗawafi da tafiyar Mina cikin zafi da cunkoso. Wanda bai daɗe da tashi ba ya jinkirta, wanda ya je kuma ya yi ɗawafi a keken marasa lafiya, ya wakilta a wajen jifa. Ummu Salama (RA) an ba ta izinin yin ɗawafi a kan abin hawa saboda rashin lafiya.

Akwai wani ɓangare da ba mu cika magana a kansa ba. Kimanin mutum ɗaya cikin biyar na waɗanda suka sami bugun zuciya yakan faɗa cikin matsanancin baƙin ciki: ba barci, ba sha'awar abinci, ba son ganin mutane, kullum yana sauraren ƙirjinsa. Magidancin da jiya shi yake ciyar da mutum 20, yau ana hana shi ɗaukar buta, dole abin ya taɓa shi. Kuskure ne babba a ce masa imaninka ne ya yi rauni. Wannan ciwo ne da aka san shi, yana da magani, kuma idan aka bar shi yana sa mutum ya watsar da ƙwayoyinsa da tafiyarsa. A sanar da likita, a kuma mayar masa da girmansa a gida, a riƙa shawara da shi, a bar shi ya yi abin da zai iya da hannunsa, ya koma sana'arsa da rabin yini kafin cikakke.

Haka nan mas'alar iyali, kuma babu kunya a wajen bayanin hukunci. Da yawa suna ƙaurace wa matansu watanni saboda tsoro, har zargi ya shiga tsakani. Likitoci suna cewa wanda zai iya hawa bene hawa biyu ba tare da ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi ba, galibi yana iya kusantar iyalinsa. Wanda aka buɗe wa ƙirji kuma ya jira mako shida zuwa takwas. Gargaɗin da zan yi da babbar murya shi ne a kan magungunan ƙarfin maza. Viagra da danginta idan suka haɗu da ƙwayar ƙarƙashin harshe ko sauran magungunan ciwon ƙirji na wannan aji, jini yana iya faɗuwa warwas har a rasa rai, kuma an sha gano irin wannan sinadari a ɓoye cikin kayan da ake tallarsu da sunan na gargajiya. Idan kuwa mace ce mara lafiyar, a nan ne aka fi zalunci: ana dawowa da ita gida sai daka da wanki da ɗaukar ruwa su dawo kanta, amma tafiyar da likita ya ce ta yi a hana ta. Ta yi tafiyarta a tsakar gida, ko ta fita da suturarta tare da mijinta ko ɗanta.

Masu dubiya, ku ma kuna da naku. Gaida mara lafiya haƙƙi ne na Musulmi a kan ɗan uwansa, amma daga ladubbansa akwai taƙaitawa da faɗin alheri. Ba wurin ba da labarin wane da ya yi irin wannan ciwo bai kai wata ba ne, ba kuma wurin rubuta magani ba ne. Mai mura ya dakata a gida. Wanda yake son lada mai yawa, ya ɗauki nauyin zuwa kullum bayan la'asar ya raka shi tafiya, ko ya ɗauki nauyin maganin wata guda, domin da yawa ba taurin kai ne yake sa su yanke magani ba, kuɗin ne babu. Ina kira ga kwamitocin masallatanmu da 'yan agaji su san irin waɗannan mutane a unguwanninsu, su kuma tanadi kujera ɗaya ko biyu a gefen sahu.

Kuma kowane gida da yake da irin wannan majiyyaci ya san abin yi idan ciwon ya dawo. A zaunar da shi, a sa masa ƙwayarsa ƙarƙashin harshe idan likita ya rubuta masa ita. Idan minti biyar ta wuce ciwon bai lafa ba, ko ya ƙaru, a nemi mota a tafi asibiti nan take, ko da ƙarfe biyun dare ne, kuma ba shi zai tuƙa ba. Kada a tsaya jiƙa magani ko jiran gari ya waye, domin kowane minti tsoka ce take mutuwa. Takardar sallama da jerin magungunansa su kasance a wuri ɗaya wanda matarsa da babban ɗansa suka sani, tare da lambar maƙwabci mai mota wanda aka riga aka yi magana da shi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.